Baƙo da Mai Masauki

Sufeto yana tsaye wayar ta same shi, domin shi ba mutum ne mai son zama ba. Babban jami'in caji ofis ne a kan layi. An yi sata a wani kamfanin zanen gine-gine, in ji shi, kuma mai kamfanin ya riga ya san ɓarauniyar, abin da ya rage kawai a je a ɗauko ta.

"Me aka sata, yallaɓai?"

"Gada."

Sufeto ya cire wayar daga kunnensa ya dube ta, ya mayar.

"Zanen gada," in ji babban jami'in. "Kuma yana nan inda suka ajiye shi, ko motsawa bai yi ba. Kada ka tambaye ni yadda aka yi, je ka gani. Mai kamfanin nan yana da dogon hannu. Ina son ganin matar a sel kafin a tashi aiki."

Sufeto ya yafuto Saje, suka fita. Ba abin da ya ƙi jini kamar a miƙa masa mai laifi tun kafin ya ga laifin.

Kamfanin bene ne mai hawa biyu, gilashi ta ko'ina, na'urar sanyi tana ta huci. Ba wanda ke aiki. Kowa ya kafa ido a allo yana motsa linzamin kwamfuta, kunne kuwa yana wajen matakala.

Manaja, wanda shi ne mai kamfanin, yana zagaye teburinsa kamar wanda ya ɓatar da makullin mota. A gefe ƙaninsa ne tsaye, wanda shi ne mataimakinsa, ma'aikata suna kiransa Ƙaramin Manaja in ba ya kusa.

"Kusan shekara muna zanen gadar nan," in ji Manaja. "Mun je miƙa takardun neman kwangila, sai muka tarar wani kamfani ya riga mu, da zanenmu, har da gyaran da muka yi a ƙarshe. Na sa an bincika. Ranar Alhamis da rana aka kwafi fayil ɗin, da kwamfutar shugabar masu zane, da kalmar sirrinta. Matar da na ɗauka tun ba ta san komai ba."

"Tana ina?"

"Ɗakin taro. Na riga na buga wa ƙungiyar masu zane waya. Kuna gurfanar da ita za su soke lasisinta. Ba za ta ƙara zana ko akurkin kaji a ƙasar nan ba."

"Yaya, a bi a hankali," Ƙaramin Manaja ya faɗa cikin taushin murya. "Mace ce mai ɗawainiya. Wataƙila matsuwa ce."

Sufeto ya dube shi. Irin tausayin nan da ke ƙara wa igiya ƙulli ya sha ganinsa. Ya nemi a kai shi wajen wanda ya gano kwafin.

Mai kula da kwamfutocin kamfanin yana wani ɗan ɗaki a ƙarshen baranda, inda manyan na'urori ke ƙugi cikin sanyi mai shiga ƙashi. Injiniya ake ce masa a gabansa. A bayansa kuwa Kashe-ka-kunna, domin duk matsalar da aka kawo masa, amsarsa ke nan.

"Yi mini bayani kamar kana yi wa kakarka," in ji Sufeto.

Injiniya ya goge tafinsa a wando. "Ranka ya daɗe, kwamfuta iri biyu gare mu. 'Yan ƙasa, masu lissafi da sakatarori, suna amfani da wadda muke ce wa taga. 'Yan sama, masu zane, tasu mai tambarin tuffa ce. To manhajar da ake kulle takardun kwangila a ciki, a taga kawai take aiki. Shi ya sa duk mai tuffa da ke buƙatarta, nake gina masa wata kwamfutar taga a cikin tasa. Ba ta da jiki, sai dai ka buɗe ta kamar shafi, amma tana da sunanta da kalmar sirrinta. Ita muke kira baƙo. Tuffar da ta ɗauke ta kuma mai masauki."

"Kwamfuta a cikin kwamfuta."

"Haka ne. To baƙon Anti ne ya shiga ya kwafi zanen, ta layin cikin ofis. Anti ita ce shugabar masu zane."

"Daga nan ya fita ta ina?"

Injiniya ya sosa ƙeya. "Duk wata taga a gidan nan akwai manhajar tsaro a kanta. Ka sa mata filas, ɗan abin nan na kwasar fayil, ba za ta karɓa ba, kuma za ta kawo mini ƙara. Amma tuffa ba mu sa musu ba. Manaja ya ce tuffa ba ta ciwo, kada a ɓata kuɗi. In mutum ya jawo fayil daga baƙo ya ajiye wa mai masauki, shi ke nan, sai ya zuba a filas ya sa a aljihu."

"Wato kun sa mai gadi a ƙofar ɗaki, kun bar ƙofar gida a buɗe."

"Na faɗa masa, wallahi."

"Baƙon nan, akwai wani mai irin sunansa?"

"Babu. Kowa da nasa." Ya faɗa da sauri, idonsa a kan wata ƙaramar fitila mai ƙyaftawa. A cikin wannan sanyin, goshin mutumin yana naso.

Wayar Sufeto ta yi ƙara. Babban jami'i ne. Ya bar ta ta gaji ta yi shiru.

Anti tana zaune a ɗakin taro, jakar laftof a cinyarta, ta rungume ta da hannu biyu. Ba ta kai arba'in ba, amma duk benen Anti suke ce mata. Idonta a bushe yake, ƙafarta ce kawai ta kasa tsayawa wuri ɗaya.

"Ranar Alhamis da rana kina ina?"

"Ina kan teburina."

"Ba ki fita ba?"

"Ban fita ba."

"Wa ya san kalmar sirrinki?"

"Ba kowa. Yallaɓai, ni na zana gadar nan. Kowane ƙarfe da ke cikinta na san dalilinsa. Yaya za a yi in saci abin da na haifa in kai wa wasu su sa masa sunansu?"

"Mutane suna yin abin da ya fi haka."

Ya ce ta rubuta bayaninta. Da yake an hana ta buɗe tata kwamfutar, sai aka kawo mata ta sakatariya, wata tsohuwar taga. Sufeto ya tsaya a bayanta yana kaɗa makulli a aljihu. Ta so ta kwafi wani layi, babban yatsanta ya danna maɓallin da ke kusa da dogon maɓallin ƙasa. Ba abin da ya faru. Ta sake, ta ja tsaki. Da ta gama za ta rufe shafin, ta kai linzami kusurwar hagu, ta tarar babu komai a can.

"Me ke damun ki da ita?"

"Hannu ne, yallaɓai. A tuffa da babban yatsa ake kwafi, kuma ta hagu ake rufe shafi. A wannan da ƙaramin yatsa ne, rufewa ta dama. In ka saba da tuffa, ko kana barci hannunka can zai tafi."

Tana cikin magana Saje ya leƙo ya yi wa Sufeto alama. A baranda ya raɗa masa cewa mai gadi ya ga fitar Anti ranar Alhamis bayan cin abincin rana, da jakarta a kafaɗa, kuma bai ga dawowarta ba.

Ran Sufeto ya ɓaci, domin har ya fara yarda da ita. Ya koma ya rufe ƙofar da ƙarfi.

"Kin yi mini ƙarya. Kin fita."

Ƙafar ta tsaya. Anti ta ƙara rungume jakar.

"Babana na kai wankin ƙoda. Ƙanena ne ke kai shi, ranar ya yi tafiya. Manaja ya riga ya ja mini kunne a kan fita lokacin aiki, ya ce in na ƙara, a bakin aikina. In aikin ya tafi, wa zai riƙa kai Baba asibiti? Shi ya sa na ce ina nan."

"Laftof ɗin fa?"

"Tana tare da ni. Ba na barin ta. A kan cinyata take har aka cire masa allura."

Sufeto ya sa Saje ya buga wa sashen ƙoda na asibitin waya. Ma'aikaciyar jinya ta san ta sarai: 'yar dattijon nan mai yawan tambaya, ta zauna gefen gadonsa tun daga farko har ƙarshe.

Sufeto ya shiga kai da komo a ɗakin, daga taga zuwa ƙofa. Can ya tsaya a gabanta.

"Baiwar Allah, kin san abin da kika yi wa kanki? Ƙaryar nan ce ta zaunar da ke a wurin satar. In ke da laftof ɗinki kuna asibiti, baƙonki ma yana asibiti. To wane ne ya shiga ta layin cikin ofis da sunansa?"

Bai jira amsa ba. Ya nufi ƙarshen baranda, wayarsa tana ta ruri a aljihu.

Injiniya yana ganin fuskarsa ya miƙe.

"Zauna. Baƙo yana iya zama a gida biyu lokaci ɗaya?"

"A'a... wato, sai dai in..."

"In me? Ka yi magana. Matar can sel za ta kwana yau, kuma kai ne ka nuna ta."

Injiniya ya zube a kujera. "Ranka ya daɗe, gina baƙo daga farko yini guda yake ci. Watannin baya aka sayo wata tuffa ta ajiya, saboda masu tafiya wajen aiki. Aka ce in shirya ta da gaggawa. Na Anti ne ya fi kowanne tsabta, komai yana aiki a cikinsa. Sai na kwafe shi ɗungurungum na zuba a can, da niyyar in canza suna daga baya."

"Ka canza?"

"Na manta."

"Kalmar sirrin fa?"

"Ta sa baƙon ya riƙa tuna mata ita, don kada ta yi ta bugawa. Da ita aka kwafe."

"Wato ka yi mata tagwaye ba da saninta ba, ka ba ɗan'uwan makullinta. Kuma tun safe kana kallo ana shirin kashe mata rayuwa."

"Tsoro na ji. In Manaja ya sani, ni zai kora."

"Ina tuffar ajiyar?"

Injiniya ya buɗe wani kabad na ƙarfe. Sai caja a naɗe da ƙura mai siffar laftof. Ya rantse bai san ranar da ta fita ba. Makullin kabad ɗin uku ne: nasa, na Manaja, da na Ƙaramin Manaja. Manaja kuwa kowa ya san ko saƙon imel sai sakatariya ta buga masa a takarda yake karantawa.

"Wa ya ce ka shirya ta da gaggawa?"

Injiniya ya rufe kabad ɗin. "Ƙaramin Manaja. Har ya tsaya yana kallo ina yi, yana tambaya."

Ofishin Ƙaramin Manaja a ƙasa yake, da babbar kwamfutar taga a kan tebur wadda da gani ba ta shan wahala. Ya tarbi Sufeto da murmushi, ya nuna masa kujera. Manaja ma ya biyo su, yana tambayar dalilin da har yanzu ba a tafi da matar ba.

"Tuffar ajiya?" in ji Ƙaramin Manaja. "Na dai sa hannu an saya. Ni da tuffa ko gaisawa ba ma yi, Sufeto. In ka ba ni ita yanzu, ban san ta inda ake kunna ta ba. Tambayi kowa, ni ɗan taga ne tun ina makaranta."

"Ba ka taɓa aiki da ita ba."

"Ko sau ɗaya."

"To madalla. Taimaka mini da abu ɗaya in tafi. Buɗe saƙon da aka sanar da ku ranar miƙa takardu, ka kwafo mini layin farko a sabon shafi. Yi sauri don Allah, ana jirana a ofis."

Ƙaramin Manaja ya jawo allon rubutu. Sufeto ya tsaya a kansa, makulli yana ƙara a aljihu, waya tana ruri. Mutumin ya zaɓi layin. Babban yatsansa ya sauka kusa da dogon maɓalli. Ba abin da ya faru. Ya sake dannawa.

"Bar shi haka. Rufe shafin kawai."

Linzamin ya tafi kusurwar hagu, ya tsaya a can yana lalube.

Ƙaramin Manaja ya dubi hannunsa kamar na wani ne.

"Bakinka ɗan taga ne," in ji Sufeto. "Hannunka kuwa ya daɗe da komawa tuffa. Ba ni makullin motarka."

"Wane irin wulaƙanci ne wannan? Yaya, kana gani?"

Manaja ya dube shi, ya dubi Sufeto. Muryarsa ta sauka. "Ba shi."

A ƙarƙashin shimfiɗar but ɗin motar, kusa da tayar safaya, Saje ya zaro laftof a naɗe cikin tawul. Aka kawo ta ɗakin taro, aka kira Injiniya. Anti tana nan inda aka bar ta.

Ƙaramin Manaja ya ɗan dawo cikin hayyacinsa. "To, na ara. Na ji kunyar faɗa ne. Yara ke kallon fim da ita a gida. Ku buɗe, ku duba duk inda kuke so."

Injiniya ya kunna, ya tada baƙon. Allon ya haska da hoton wani dattijo tsaye a bakin kogi, jikinsa ya cika rigarsa, yana dariya.

Anti ta dafe baki. "Babana ne. Kafin ciwon. Na daɗe da cire hoton nan a tawa, ba na iya kallonsa."

Injiniya ya yi ta dannawa, sannan ya girgiza kai. "Ba komai a ciki, ranka ya daɗe. An mayar da baƙon baya. Akwai yadda ake yi, ka ce masa ya koma yadda yake ranar da aka kawo shi, sai ya manta duk abin da ya yi bayan nan. Ko sawu babu."

Ƙaramin Manaja ya harɗe hannu a ƙirji.

"Baƙon ya manta," in ji Sufeto. "Mai masaukin fa? Ai ka ce ta hannunsa kaya ke fita."

Injiniya ya rufe shafin baƙon, ya koma kan tuffar kanta. Ya danna kwandon shara da ke ƙasan allo. Fayil ɗaya ne a ciki, da sunan gadar, da ranar Alhamis a gefensa.

"Ka share ɗakin baƙo tas," Sufeto ya ce, "ka bar sharar a kwandon mai gida."

Hannuwan suka warware. Ƙaramin Manaja ya jawo kujera ya zauna, bai dubi kowa ba.

"Me ya sa?" in ji Manaja. "Me na rage ka da shi?"

"Me ka ba ni, Yaya? Tun da aka buɗe kamfanin nan nake ɗaukar maka jaka. Ƙaramin Manaja. Ka ɗauka ban san sunan da suke kirana ba? Na ji ka da kunnena kana gaya wa lauya, in an samu gadar za ka sa Anti cikin masu kamfani. Ita. Ni ƙaninka, ciki ɗaya, in riƙa yi mata ranki ya daɗe. 'Yan wancan kamfanin sun ce za su ba ni ofis na kaina, da sunana a ƙofa."

"Sai ka sa wuyana," in ji Anti.

"Na ga fitarki ta taga ranar. Na san ba za ki iya cewa kin fita ba." Ya faɗa ba tare da ya ɗago ba.

Saje ya ciro ankwa. Manaja ya tare gabansa, hannu biyu a sama.

"Sufeto, don Allah. Wannan maganar gida ce. A bar ta a nan, zan san yadda zan yi da shi. Mahaifiyarmu tana da hawan jini."

"Da safe ba ta gida ba ce, yallaɓai. Ita ma tana da uba a gadon asibiti, ba ka tambaya ba. Kai ka ce a kwana a sel, kuma shugabana yana jira."

Ankwar ta rufe a hannun Ƙaramin Manaja. Wayar ta sake ruri, wannan karon Sufeto ya ɗauka. "Muna tafe, yallaɓai. Amma ba wadda aka ce ba ce."

Suna fitowa baranda suka tarar ma'aikatan sama da na ƙasa sun cika matakala. Manaja ya juya wajen Anti, ya fara haɗa kalmomin ban haƙuri. Ta katse shi.

"Ka kira ƙungiya. Yanzu, a nan, ka sa kowa ya ji."

Ya ciro waya ya buga. Da aka ɗauka ya fara, "Game da ma'aikaciyarmu da na yi muku magana..."

"Ka faɗi sunana. Da safe cikakkensa ka faɗa."

Ya faɗa, cikakke, har da na mahaifinta. Ya ce ba ta ɗauki komai ba, shi ne ya yi gaggawa, kuma ɓarawon ɗan'uwansa ne.

Saje ya sa mai laifin a gaba, mutane suka dare suka ba su hanya. Sufeto yana sauka ya waiwaya. Anti ta jingina da bango, hawayen da ta riƙe tun safe suna zuba, tana share su da bayan hannu da sauri don kada su shiga muryarta. Waya ce a kunnenta.

"Baba, ni ce. A'a, lafiya lau, aiki ne ya yi yawa yau. Ka sha maganinka?"